Fuskar Fatalwa

Ɗansandan cikin nan na fim ya miƙa hannu ke nan zai yaye mayafin fatalwar da ta shaƙe matar attajiri, sai talabijin ta gidan kallo ta yi ɗif. 'Yan kwamitin shari'a na unguwa ne suka fizge wayar, bayan sun daɗe tsaye a bakin ƙofa.

Mai gidan kallon ya miƙe yana roƙonsu. Tsohon fim ne fa, baƙi da fari, ba rawa, ba waƙa, ko gwiwar mace ba a gani ba. Ran Alhamis ya sayo kaset ɗin a kasuwar Shinkafi, shi kansa bai ga ƙarshensa ba.

"Matattu ba su tashi sai ran ƙiyama," in ji shugabansu. "Wagga shirka ce."

Mai gidan ya ce, "To ku bari shi yaye mayahin mana! Ƙila mutum ne!"

Ba su bari ba. A gaban jama'a suka cinna wa kaset ɗin wuta, suka garƙame ƙofa. Gidan da ya ciyar da iyalinsa ya koma ɗakin ajiye gero, shi kuma ya koma tallan rake a tashar jirgin Ƙaura.

Wata Juma'a bayan salla, shugaban ya jawo shi gefe, ya waiwaiga, ya rage murya.

"Don Allah, abin ga ya tsaya mini a rai. Wa yak kashe matar?"

Ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da tuƙar rake.

"Tokar kaset ɗin na nan bayan gidan kallon. Je ka tambaye ta."