Mai Kiwon Cuta a Kwalba

Kun ce abokin gaba ba a matsa masa kusa, sai dai jifa daga nesa. To ku saurara.

An yi wata mata, likitar dabbobi, 'yar gidan makiyaya. Kaska ta addabi garkensu. Cizon ba komai ba ne, abin da take zubawa a jini shi ne masifar: wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, mai shiga jinin saniya ta yi ta fasa shi. Saniya ta daina tuƙa, ido ya yi fari, fitsari ya koma ja kamar zoɓo, daga nan sai wuƙa. An wanke shanu da magani, an ƙone ciyawa, an tsinci kaska da hannu har farce ya yi baƙi. Damina na sauka, sai ta dawo. Matar nan ta ce ta gaji da dambe da wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ta ɗebi jinin wata saniya da ke gargara, ta kai ɗakin binciken da take aiki, ta zuba a kwalba, ta ce kiwon cutar za ta yi. Ga abin da ke kayar da bijimi, amma a kwalba ko kwana ba ya yi. Ta sa shi a akwatin ɗumi daidai zafin jikin saniya, ya mutu. Ta girgiza kwalbar don ya sha iska, ya mutu. Da ƙyar ta gane halin ɓarawo gare shi, ba ya son sarari. A bar jinin ya kwanta a gindin kwalba, ya yi duhu, kada a taɓa. Nan ya soma hayayyafa. Sai dai ba ya cin komai sai sabon jinin lafiyayyun shanu, a kai a kai.

Ta je wurin yayanta, wanda garken ke hannunsa, neman jini. Ya ce, "Guntun shanun da suka rage za ki tsotse ki ciyar da makashin 'yan'uwansu? Ashe kaska ta yi ƙanwa a gidanmu." Ta ce, "Yaya, ɗan aike kake ta kashewa. Ni mai aiken nake so." Ya hana. Ta sa aka ware mata gadonta, sa guda da 'yan maruƙa, ta kora su gaban kowa. Aka sa mata suna mai kiwon cuta, ta riƙa amsawa. Jinin san nan ta yi ta ɗiba tana ciyar da abin, iyayen ƙwayar cutar na mutuwa, 'ya'yansu na tasowa, har aka kai ga jikokin jikoki da ba su san kaska ba, ba su san daji ba. Zaman kwalba ya cinye musu ƙarfi, kamannin dai na nan. Su ta zuƙa a allura ta tsira wa maruƙanta. In ta yi kuskure, ta kashe gadonta da hannunta ke nan, kuma ba mai yi mata jaje. Maruƙan suka yi zazzaɓi, suka kwanta. Yayan ya zo da wuƙa, kada su tafi mushe. Ta tsaya a bakin shingen maruƙan, ta ce, "Ba a yanka mini." Ya daɗe a tsaye, ba ta matsa ba. Ya koma.

Maruƙan suka tashi. Jikinsu ya yi kokawa da raggon abokin gaba, ya gane kamunsa. Da damina ta sauka, kaska ta hau su har kunne, suna ta kiwonsu, fitsari fari tas. A garken yayan kuwa wuƙa ba ta huta ba. Ba ta je ta yi masa gori ba, ba ta kuma aika masa ba. Shi ya koro nasa maruƙan da ƙafa har ƙofar ɗakin binciken, ya tsaya yana duban ƙasa. Ta naɗe hannun riga, ta ce ya riƙe mata na farko da kyau.

Ba a banza Hausawa suka faɗa ba: da ɗan gari akan ci gari.