Yadda Gemun Marini Ya Koma Shuɗi

Tunda ka ce rami za ka haƙa a bayan shagonka ka riƙa juye dattin aikinka ƙasa ta shanye, to gyara zama in ba ka misalin wani marini.

Abu biyu marinin nan yake taƙama da su a duniya: farin gemunsa, da rijiyar da ya gada a tsakar gidansa. Ruwanta garai-garai, ga sanyi ga daɗi, har mai shayin bakin titi ba ya ɗora tukunya sai da shi. Unguwa kaf nan take ɗiba, shi kuwa gogan yana kishingiɗe a zaure yana shafa gemu yana amsa godiya, kai ka ce da hannunsa ya zuba ruwan. Da ya bar rinin baba irin na kakanni ya koma rinin zamani, na garin kala da soda mai cin fata, sai ruwan rini ya yi masa yawa. Ya riƙa kwarara shi a lungu, har maƙwabcinsa, wani mai saƙar tabarma da ba ya son hayaniya, ya gaji da wari ya kai ƙara wurin dubagari. Aka ce marini ya daina. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi da ake sha a rijiyarsa kyauta, shi za a kai ƙara?

Sai ya yi dabara irin tasa. Ya duba ya ga gangaren filinsa gidan mai tabarma ya nufa, inda akwai wata 'yar rijiya mai ruwan laka wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha. Ya sa aka haƙa rami a gindin katangar da ta raba su. Masu haƙa suka kai ga yumɓu mai tauri suka ce ya isa haka, ya ce a ci gaba. So yake abin ya nutse inda idon dubagari ba zai kai ba, ya kuma ɓulla inda ya nufa. Aka fasa yumɓun, aka shiga yashi mai danshi, sannan hankalinsa ya kwanta. Kullum yana juyewa rami na shanyewa, shi kuma yana leƙen katanga, yana jiran ranar da mai tabarma zai jawo guga ya ga shuɗi. Har jajen da zai yi masa ya riga ya shirya a ransa.

Damina ta wuce, wata ta zo, mai tabarma lafiya lau. Mai shayi ne ya fara ƙorafi, wai shayinsa na ɗanɗanon sabulu. Mata suka ce ruwan na sa ƙaiƙayi, kuma wake na dahuwa luguf ba a sa kanwa ba. Marini ya ce hassada ce kawai. Don ya kunyata su, sai ya mayar da alwalarsa bakin rijiya a gaban kowa, yana cusa ruwa cikin gemu yana tsefewa da yatsu. Mai gemu kuwa shi ne na ƙarshen ganin gemunsa. Wata Juma'a ya ga mutane a sahu suna satar kallonsa suna danne dariya. Shuɗin hannu a wurin marini ba labari ba ne, amma gemu? Da aka idar, wani abokin wasansa ya riƙe hannunsa ya ce, “Sannu da ƙoƙari, ashe yanzu har gemu ake kawo muku rini?”

Nan ya gane ruwan rijiyarsa ne ya rina masa gemu. Ya sa aka yashe rijiyar, ta sake kawo ruwa ya fi na da shuɗi. Ya yi mata turaren aljanu, aljanu suka ce ba ruwansu. Daga ƙarshe shi da ƙafarsa ya je wurin dubagarin nan da yake zagi. Aka zo da ma'aikatan ruwa, suka ɗebi ruwan rijiyoyin unguwa a kwalabe, suka huda ƙasa nan da can suna duba launinta. Suka ce masa ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, bai kuma san gangaren da ido ke gani ba, inda ake jansa nan yake bi. Rijiyarsa ta fi kowace zurfi, ita unguwa ke ɗiba dare da rana, saboda haka ita ta jawo rinin ta shanye. Ta mai tabarma kuwa gajeriya ce, a saman yumɓu ta tsaya, ko ɗigo bai kai gare ta ba. Da raminsa ma a yumɓun ya tsaya, da baro kaɗan sun kwashe ƙasar an huta. Yanzu kam sai an tone duk inda rini ya ratsa an kai nesa da gari, kuma tonon ya ci rabin gidan, har da zauren da yake kishingiɗa. Rijiyar aka rufe bakinta da siminti, aka ce kada ko kaza ta sha, sai an sake gwadawa bayan shekaru.

Ranar da aka rufe ta ya yi kuka, don rijiyar mahaifinsa ce. Washegari ya rage gemu, ya ɗauki bokiti ya yi sallama a ƙofar mai tabarma. Mutumin bai ɗaga kai daga saƙarsa ba, ya ce, “Shiga ka ɗiba, sai dai ka bari ya kwanta kafin ka sha.”

To kai ma kafin ka kira masu haƙa, ka tuna Hausawa sun gama magana: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.