Ƙarin Ruwa

Da mahaifiyarsa ta leƙa akwatin katakon da ya ƙera wa kwamfutarsa, ta ga ruwa yana zagayawa cikin siririn bututu, sai ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah! Ƙarin ruwa ake mata? Me ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau, Mama. Don kada jikinta ya yi zafi ne. Kin ga allon nan? Kullum yana nuna mini zafinta."

Tsohuwar ta waiwaya. Matarsa na kwance kan katifa a ƙasa, zazzaɓi na kaɗa ta. Katakon gadonta ne ya zama akwatin.

"Ita wannan fa, zafinta nawa?"

Ya ƙura wa allon ido, yana nema.