Tafintar Mami

Likita ya gama bayani da Turanci, ya dubi yarinyar. Babu mai jin Sifaniyanci a asibitin, don haka ita za ta fassara wa uwarta ciwon da ke damun ita kanta, yadda take fassara mata komai tun ƙetarowarsu daga Meziko.

Abin da likitan ya ce shi ne yarinyar tana tunanin kashe kanta.

"Mami, wai gajiya ce kawai. Karatu ya yi mini yawa."

Uwar ta daɗe tana murza carbinta mai gicciye.

"To, 'yar nan. Gaya masa wuƙaƙen kicin ba ɓata suka yi ba. Ni na ɓoye su, tun ranar da kika daina waƙa wajen wanke-wanke."