Inna Ba Ta Kama Sunana

Ranar Juma'a za a rufe layin duk wayar da ba a sabunta ba. Nafi'u ya kai tasa wurin mai gyara, cike da saƙonnin muryar marigayiya mahaifiyarsa.

"Alhaji, ba abin da zai ɓata," in ji mai gyaran. "Sabon tsarin har hira zai sa muryar mahaifiyar taka ta yi da kai."

Da aka gama, muryar Inna ta fito raɗau: "Nafi'u, ka ci abinci?"

Ya nemi benci ya zauna. Shi ne ɗanta na fari, har ta rasu ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai yaron nan," take cewa.

"Malam, mayar min da tsohon."

"Ai ba ya komawa, Alhaji."