Ganyen Wankan Jego

Tun da doka ta ba itatuwan bakin titi haƙƙi irin na ɗan Adam, Goggo Tabawa ba ta nemi komai wurin darbejiyar ƙofar gidanta ba sai yau. Jikarta ta haihu, tukunyar wankan jego tana kan wuta, ga shi babu ganyen da za a yi wankan da shi.

Tana miƙa hannu, Ɗanlasan mai gadin itatuwa ya taso.

"Goggo, rufa mini asiri! Tsinkar ganye yanzu jin rauni ne, sai kotu."

"Kai ɗan nan, ni na dasa ta tun uwarka ba ta yi wayo ba. To, in tsinci na ƙasa?"

"Wanda ya faɗo dukiyarta ce, sai magaji."

"Wane ne magajin?"

"Wanda ya dasa."

"Ai ga ni!"

"Gado kuma, Goggo, ai sai an mutu."

Ta juya zancen, ta rasa kansa. An yi doka don itace ya rayu, amma mai shi ba ya morarsa sai ya bushe?

Sai ga maƙwabcinta Malam Ilu da buta, yana yi wa tsamiyarsa ban ruwa kamar kullum. Ɗanlasan ya yi masa sannu da ƙoƙari. Yau ta fara lura butar tana tururi, ganyen tsamiyar kuma ya soma yin rawaya.

Aka ƙwala mata kira daga cikin gida: "Goggo, ruwa ya tafasa! Ina za a kai?"

Ta dubi butar Malam Ilu, ta dubi darbejiyar.