Baƙo a Inuwar Faifan Sola

Lokacin zafi ne, shekarar da wuta ke yawan ɗaukewa a unguwarmu, Harra ta Gabas, cikin Madina. Ƙanena na kwance da zazzaɓi, sai Baba ya samo faifan sola don fanka ta juya masa. Da la'asar muka hau soro haɗa waya, muka tarar da baƙin maciji a inuwar faifan. Baba ya ɗaga sanda, Kaka da ta biyo mu ta riƙe hannunsa.

"Kul! A Madina ba a dukan macijin gida sai an gargaɗe shi." Ta durƙusa. "Bawan Allah, muna da mara lafiya. Ba mu wuri."

Ya ɗago kai, amma ni ya kalla.

Washegari Kaka ta hau ita kaɗai, ta yi sallama. Daga ƙasa na ji an amsa mata.